Ranar da Na Gyara wa Injiniya Aiki

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka ba ni shugabancin kwamitin ginin cocinmu da ke kusa da Kagoma ba. Tsohon malamin firamare ne ni, kuma ciwonmu ɗaya ne: mun saba da jan biro, ba ma iya ganin aikin wani mu wuce ba mu gyara ba.

Wadda ta zana mana rufin ƙarfen 'yar ikilisiyarmu ce, Injiniya Rifkatu, tana aiki a Kaduna. Ni na koyar da ita a aji shida, saboda haka a idona har yanzu yarinya ce.

Bayan an ɗora rufi ta koma, sai na hau tsani don duba aiki (ba wanda ya aike ni). Inda ƙarafan da aka gicciya suka haɗu da kan ginshiƙan gabas, na ga ramukan notin dogaye ne, ba zagaye ba. Notin ma ba a matse su sosai ba. Na ce to, ga ganganci! A nan jikokina za su zauna?

Na kira Bitrus mai walda. Ya leƙa, ya sosa ƙeya.

"Baba, injiniya ya ce kar a taɓa wannan wurin fa. Ya ma sa fenti ja."

Na ce, "Ni na koya mata karatu. Liƙe min su."

Ya liƙe wuri shida tam. Na koma gida ina jin kaina kamar wanda ya ceci rayuka.

Da zafin watan Maris ya kankama, saura mako biyu a keɓe ginin, matan zumuntar coci suna shara suka ji ƙara daga sama. Suka watsar da tsintsiya suka yi waje. Tsaga ce ta fito a bango, daga kan ginshiƙi har taga. Ginin da mutane suka yi shekara bakwai suna ɗebo masa yashi da ka! Fasto ya kulle ƙofa, aka kira Rifkatu.

A gaban dattawa na tare ta da faɗa. Na ce aikin 'yan zamani ke nan, har na ƙara da cewa ba don ni ba da rufin ya daɗe da faɗuwa. Ta hau tsani, ta daɗe a sama, sannan ta sauko.

"Wa ya yi walda a nan?"

Bitrus ya juyo ya kalle ni. Kowa ya bi idonsa.

Ta ce, "Baba, da gangan na bar wurin. In rana ya buga ƙarfe yana ƙara tsawo, in sanyi ya zo ya koma. Dogon ramin shi ne hanyan da zai bi. Da aka toshe, sai ya ture bango." Ta yi ƙasa da murya, amma kowa ya ji. "Ai ku ne kuka kai mu tashan jirgi a Kafanchan, kuka nuna mana tazara tsakanin ƙarfen dogo. Ranan na ce zan zama injiniya."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Wani dattijo ya kama tarin da ba na Allah ba.

Da ƙyar na iya tambaya, "Ginin zai tsaya?"

Ta sa aka fasa shafen bangon, ta bi ginshiƙin da ido da hannu. Mintocin nan sun fi mini shekarun aikina tsawo. Can ta ce ginshiƙi lafiya lau, bulo da shafe ne suka tsage. Ban san lokacin da na zauna a kan buhun siminti ina cewa na gode Ubangiji ba. Bitrus ya yini yana yanke waldar da ya yi, ni kuwa ina riƙe masa tsani.

An keɓe coci a ranar da aka sa. Da Fasto ya ce a tafa wa shugaban kwamiti, na sunkuyar da kai ina gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Yanzu in na ga abu a sake, hannuna na aljihu, sai na tambayi wanda ya bar shi haka. In kuma tsohuwar ɗalibata ce, nakan fara tambayarta me na koya mata, don ni na manta.