Zaren da Ya Ɓace a Bakin Kaumi

"Lafiya lau, Bafillace, in wannan ita ce lafiya," in ji Kaumi tela, yana dafe da kunci.

Kwana tara ke nan da aka cire masa turmin haƙori a asibiti aka ɗinke dasashin. Hayatu mutumin Maiha, wanda ya zo duba shi, mai wankin miki ne a asibitin, kuma tun shekarar ƙuri'ar zaɓen bin Najeriya ko Kamaru ban taɓa ganin Bafillacen nan da Babarbaren nan sun gaisa ba tsiya ba. Amma ranar Kaumi ya ba ni tausayi wallahi, yana kwance a zaure duk ya zabge.

"Bawana, wa ya hana ka abinci?" in ji Hayatu.

"Bawan gidanku! Matso ka ji. Zaren da kuka ɗinke ni da shi ya ɓace. Shekaranjiya na laluba da harshe, wayam. Na haɗiye shi, Hayatu. Ko koko ban ƙara sha ba, kar ya tura shi ya ɗaure min hanji."

"Wa ya ce maka haka?"

"Shekara talatin ina ɗinki, ban taɓa ganin zare ya bar riga ya kama gabansa ba."

"Hangame mu gani, in da sauran abin gani." Hayatu ya juya kansa wajen haske ya leƙa. "Ya haɗe tsaf, ko kumburi babu! Zaren nan narkewa yake, jiki ya shanye shi. Likita ya faɗa maka, kana can kana ihu da Barbarci."

"Addu'a nake yi!"

"Har garin Gella aka ji addu'ar. Da hanjin tunkiya ake yin sa, dabbarmu. Ka ga ko bakinka Fulani ne suka rufa masa asiri."

Kaumi ya yunƙura ya zauna. "Tunkiyar dai an yanka ta?"

"Ni na kayar da ita da hannuna."

Kaumi ya yi wata doguwar ajiyar zuciya, idonsa har da ƙwalla. "Alhamdu lillahi! Yagana!" ya ƙwala wa matarsa kira. "Dama kunu, mai kauri, a babbar ƙwarya!"

"To, kiran me ka aiko min da sassafe?" in ji Hayatu.

"Wasiyya. Na ce in na tafi, keken ɗinkina naka ne. Na fasa."

Hayatu ya ɗora hannu a ka, dariya har tana shaƙe shi. "Wayyo, bakina ya cuce ni! Da na sani ce maka zan yi igiyar shanu ka haɗiye."