Yadda Za Ka Riƙe Kujerarka Idan 'Yarka Ta Koma Kiwon Lamba

Kai da ka tura 'yarka jami'a a Nairobi, ba ta zama likita ba, ba ta zama lauya ba, ta zauna tana binciken wata ƙatuwar lamba guda ɗaya: bi matakan nan, ba mai ƙwace maka kujera a gindin bishiyar dattawa. Ni na bi su. Ga ni zaune.

1. Riga kowa magana

Mu Masai ba ma ƙirga shanu, ƙirge yana jawo mutuwa cikin garke. Idan dattawa suka ji 'yarka na ƙirge, kowa zai ɗauka nasa take ƙirgawa. Na tambayi tawa, Resiato, "Shanu ne ko mutane?" Ta ce, "Baba, lamba ce kawai, ba ta kowa ba ce." Ta karanto mini ita har shayina ya huce. Je ka faɗa musu ba ta kowa ba ce.

2. Tambayi halin lambar, kamar saniya

Mara ce, ba cika ba. Wutsiyarta, wato lambar ƙarshe, bakwai ce. Ba ta rabuwa biyu, ba ta rabuwa uku. Malamai na zaton ba abin da ke raba ta sai ɗaya da ita kanta. Ya isa. Sauran na masu tabarau ne.

3. Amsa a gajarce, ka dubi nesa

Tsarana Ole Parkire, wanda ɗansa ke yi wa shanu allura, ya ce, "Baban Resiato, wai me yarinyar nan take kiwo a birni? Iska?"

Na ce, "Garken da ba a raba wa magada."

Bai yi dariya ba. 'Ya'yansa na faɗa kan shanunsa tun yana da rai.

4. Tsaya kan maganarka

Ya ce ba abin da ba ya rabuwa. Na ce ranar da aka raba ta, ya hau kujerata. Dattijo ba ya cewa "wataƙila".

5. Idan ta rabu, kada ka motsa

Resiato ta zo hutu, ta sunkuyar da kai na ɗora mata hannu, ta ce a gaban kowa, "Baba, ta rabu. Ashe lambobi biyu aka ninka."

Parkire ya miƙe da sandarsa. "Tashi, tsoho. Ƙafata ta gaji."

Na ce, "Wa ya raba ta?"

"Ni, Baba."

"Malaman fa?"

"Sun kasa."

Na ce, "Parkire, na ce ba a raba ta. Ban ce 'yata ba za ta iya ba. Turo mata 'ya'yanka da shanunka, kafin la'asar ta gama raba musu."

Ya koma kan dutsen da yake zama.

Gargaɗi

Wannan ya yi aiki ne don 'yata ce ta raba. Idan ɗan wani ya raba taka, ban san ka ba, ban aike ka ba. Ɗauki mayafinka ka ba da kujera.