Ranar da Zumuntar Mata Suka Jefar da Ni Waje

Ba zan taɓa mantawa da amon tulun kiɗan nan ba, gum, gum, a gindin mangwaron cocinmu na Kafanchan, ga ƙanshin ɗanyar citta da aka shanya a gefe yana shiga hanci.

Ina ajin ƙarshe a jami'a lokacin, ina bincike a kan abin da ke sa ciwon daji ya daina jin magani. Mama Laraba, yayar babana, tana fama da na nono. An fara yi mata allurai a Jos, gashinta ya zube, ta ce ta gaji, ba za ta koma ba. Sai na roƙi shugabar Zumuntar Mata ta cocinmu ta ba ni fili in yi musu bayani, da fatan Mama ta ji ta sake tunani.

Da bayani kawai na yi na zauna, da an rabu lafiya. Amma ni mai rubuta waƙa ce a bayan littafin darasi, sai na ce wasa za mu yi. Mata suka riƙe hannu suka yi da'ira.

"Ku ne fatar ƙwayar ciwon daji," na ce. "A jikin fatar akwai wasu sinadarai kamar 'yan gadi. Magani na shiga, sai su tura shi waje kafin ya yi aiki."

Na naɗa Mama Jummai mai doya a matsayin 'yar gadi. Ni ce magani (har farar riga na saka, don a ga tsarkina).

Na manta cewa in tulu ya fara a Zumunta, mai wasa ba ta da sauran iko. Wata ta ɗauko baiti, "Magani ya shigo, a fitar da shi!" sauran suka amsa. Na shiga, Mama Jummai ta ture ni. Na sake shiga, ta ɗaga ni cak kamar buhu ta dire a waje. Na zauna daɓas a cikin cittar mutane, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri.

Ana tsakiyar dariya Mama Laraba ta miƙe. "To, kun gani da idonku. 'Yar jami'a ma ta ce maganin fita yake yi. Me zai kai ni Jos?"

Kiɗa ya tsaya. Daga ƙasa na ce, "Mama, ba a gama ba. Ba kowane magani 'yan gadin suka sani ba, shi ya sa likita yake haɗa iri-iri."

"Kakkaɓe bayanki tukuna, Likita."

Na daɗe ina zama a kujerar baya a coci. Na koyi cewa in za ki ba Zumunta labari, fara musu da ƙarshensa, don tsakiyar za su mayar waƙa.

Mama ta koma Jos, ta kammala alluranta, ni kuwa na ɗauka Fasto ne ya lallashe ta. Sai bayan shekaru, ranar da ta yi godiya a coci da sabon kitso a kanta, 'yarta ta raɗa min gaskiya. Ashe faɗa Mama ta je yi a Jos. Ta shiga ofishin likita ko zama ba ta yi ba, ta ce, "Ɗana, ina maganin da 'yan gadina ba su san fuskarsa ba? Shi na zo karɓa."