Ranar da Na Shanye Shayin Mutum Biyar

Darasi biyu kacal na yi a ajin shayin Japanawa, amma har na fara gyara wa abokina Sani zama. Ni da na taso a teburin mai shayi a Fagge, wa zai koya mini shan shayi?

A Disamba malamarmu, wata dattijuwa 'yar Japan, ta haɗa zaman shayin hunturu irin na ƙasarsu, duk da zufar Kuala Lumpur. Mu biyar muka durƙusa, ni ne a farko. Ta dama koren shayi mai kauri kamar kunu, ta miƙo mini kwanon. Na juya shi yadda aka koya mana, na kafa kai. Ɗaci kamar maɗaci, amma don girmamawa na shanye tas.

Sani ya raɗa mini, "Mutumina, namu ne mu biyar fa. Kurɓa uku ake yi a miƙa."

Malama ta leƙa kwanon, ta rusuna mini. Wallahi gara mari.

Har yau in na shiga mamak, wato shagon mai shayi, a unguwar Setapak, sai Sani ya dafe kofinsa ya ce, "Jama'a, kowa ya rufe shayinsa, gwani ya iso."