Sai Mai Gida Ya Sallame Mu

A Tungar Rimi akwai wata tsohuwa, Iya Ladidi, da 'ya'yanta uku: Sallau mai wayo, Hajo da ke aure a ƙasar waje, sai Nomau. Shi Nomau, Allah ya sani, ba shi da mugunta. Abin da ka gaya masa dai shi zai yi, ba ƙari ba ragi, ko da gari zai kama da wuta.

Wata rana Iya ta aike shi gidan biki, ta ce kada ya tashi sai mai gida ya sallame shi. Mai gidan kuwa ya sha'afa da shi. Da gari ya waye aka tarar da shi zaune a kan tabarma, kaji na kiwo a gefensa.

Wata rana kuma Hajo ta haihu, ɗan fari, ta aiko musu da tikitin jirgi. Iya ta rantse ko da rarrafe ne sai an yi sunan jikan nan da ita. Aka sauke su a wani babban filin jirgi, aka ce sai sun wuni kafin jirgi na biyu, kuma in ya tashi babu su, suna ya wuce. Sallau ya kai su wani gidan abinci mai tebura, ya ja kunnen Nomau cewa ya yi ladabi kamar a gidan mutane.

To, Sallau ya jawo wa kansa. Nomau ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya rangaɗa sallama, ya tambayi mai kawo abinci lafiyar yara. Da aka ajiye masa faranti, ya ɗauka ya bi tebur-tebur yana yi wa mutane bismillah, har wani Bature ya ɗauke masa cinyar kaza ya yi godiya. Sauran shinkafar kuwa ya ce a kai wa yaran gida. Sallau ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Can wajen la'asar aka ga mutane na gudu da jakunkuna. Sallau ya zabura ya ce jirginsu ne, ga ƙofar shiga can ƙarshen duniya, ga Iya da ciwon gwiwa. Nomau ya riƙe hannun tsohuwa gam.

"Yaya, mai gida bai sallame mu ba."

Sallau ya yi lallashi, ya yi zagi, a banza. Sai ya ruga shi kaɗai don ya roƙi a jira su. Iya ta fashe da kuka, tana cewa wawan ɗanta ya hana ta ganin jika, abin gwanin ban tausayi.

Da kukan ya yi yawa aka kira manajan gidan abincin, wani dattijo mai ɗan jin Hausa. Ya duba tikitin Iya, ya yi murmushi, ya ce an sauya musu ƙofa, tasu ce wannan da ke jikin gidan abincin, har an fara shiga. Ya sa aka kawo keken tura tsofaffi, ya ce su sauka lafiya. Sai a nan Nomau ya miƙe ya nemi takalminsa.

Iya ta daɗe da gyara zama a jirgi, ana shirin rufe ƙofa, sai ga Sallau jiƙe sharkaf da gumi, takalmi ɗaya a hannu. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai kuma, Sallau, wa ya sallame ka?"