Zirnakon Gilbert da Mangwaron Isaiah

"…ya gajiya, amarya? Yau har da jan baki, ko goro ne ya yi miki kwalliya?"

"Gajiya ta bi lafiya, maigida mara cefane. Shigo, kar ka tsaya a ƙofa kamar an dasa ka."

Gilbert ke nan da kakarsa Jummy, kuma ba su taɓa gaisawa ba tsiya ba. Tun daminar bara, da kwarin zaizayar ƙasa na unguwar Malam Inna ya fara cin bayan gidanta, 'ya'yanta suka ɗauko ta da ƙarfin tsiya suka ajiye a unguwar Manawashi, suka hana ta leƙawa can. Shi kuwa Gilbert ya sayi ɗan jirgin nan mara matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama, da niyyar yin aikin biki. Ita zirnako take ce wa jirgin. Yau ta aika a kira shi da zirnakonsa, kuma tun a hanya yake fargabar abin da za ta nema, don babansa ya gaya masa ɗakin tsohuwa ya rufta cikin kwari, ya kuma gargaɗe shi kada ta ji.

Ta tura masa wata kaza da aka ɗaure wa ƙafa.

"Hayarka na yi. Ka aika zirnakon nan Malam Inna ya gano mini gida."

"Kin ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba. Doka biyu ce, amarya. In don nishaɗi na tashe shi, rajistar da na yi ta isa. Da zarar an biya ni, ko da ƙwai ɗaya ne, ya zama sana'a, sai da lasisi da takardar jami'an tsaro. Tawa ba ta fito ba. A kama ni, jirgi ya tafi."

"Wato gwamnati har ƙwan kazata ta sa wa ido?"

"Wannan ma kaza ce? Ai ta girme ni. Da ita aka kai ki ɗakin miji."

"Ta dai fi ka amfani, tana ƙwai. Kai me ka taɓa sakawa ban da surutu?"

"In na yanka ta, sati za a yi ana hura wuta."

"Da wace wuƙar? Kai da ka ga ɓera a coci ka haye bencin mata?"

"Kare ki na je yi."

"To, na janye kazata. Babu biya. Tashe shi don nishaɗi, ango ya fita da amarya shan iska."

Gilbert ya sosa ƙeya. Bai zaci za ta saki kazar da sauƙi haka ba, matar da ko ruwa ba ta sha kyauta a gidan mutane.

"Akwai wata dokar. Ba a tashinsa sai inda ido ke ganinsa. Daga nan zuwa Malam Inna kuwa…"

"An daina yin keke napep a garin nan?"

"Kuma ba a bi da shi ta kan jama'a."

"Wace jama'a? Kwari ya kori kowa. Ko ƙadangaru ma sai an nemi izininsu?"

"Ga iska kuma."

"Ga ganyen dalbejiya can, ko motsi ba ya yi. Kawo ta gaba, lauya. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as."

"Kaza dai a gabanki take."

Ba ta yi dariya ba. Ta zuba masa ido har ya sunkuyar da kai.

"Gilba, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau zirnako ba zai hango ba. Na san ɗakin ya tafi. Ranar da ubanka ya kawo mini tsire ba dalili, na sani. Ƙasa ce ta koma ƙasa. Mangwaron da kakanka Isaiah ya dasa ranar da na tare nake tambaya. Kowa sai ya ce mini yana nan, amma ba mai kallon idona. Gani ya kori ji."

Tausayinta ya kama shi, da kunyar dokokin da ya yi ta jerowa. Shi kansa bai san makomar bishiyar ba, don bai iya zuwa ya duba ba.

"Tashi mu je. Amma a bayan keke za ki zauna nesa da ni, kar a ce na rasa mata."

"Wa zai ce? Cewa za a yi na ɗauki ɗan dako."

Suka sauka a wani fili nesa da bakin kwarin. Ya zaunar da ita a kan dutse, ya tashi jirgin, ya riƙe mata wayar da ke nuna hoton tana kallo, shi kuma yana ƙifta ido cikin rana don kada jirgin ya ɓace masa. Kwari ya bayyana ja wur. Sai rabin bango mai shuɗin fenti, a karkace. Jummy ta kama gefen rigarsa.

"Matsa hagu. Hagu na ce, ko a makarantar ba a koya muku ba?"

Ya matsa. Ga mangwaro tsaye a leɓen kwarin, rabin saiwoyinsa a waje suna lilo, kansa kuwa fal da fure.

Ta daɗe tana kallo, ta share ido da bakin zane.

"Ka gani ko? Taurin kai irin na Isaiah. Ƙasa ta gudu ta bar shi, shi yana ta fure."

"Kishi nake ji fa."

"Ji da kyau. Ko a yanzu ya fi ka tsayuwa."

Ta buɗe jakarta ta zaro tsohuwar malafar Isaiah da gumi ya rina, ta kifa masa a ka. Hular ta zurma har kunne.

"Kaka, na ce miki ba a biya."

"Wa ya biya ka? Gado ne. Miji ya rasu, na yi sabo, hula ta bi kai. Je ka tambayi hukumar taku ko gado ma sai da lasisi."

"Ta yi mini yawa."

"Na sani. Maneji nake yi da kai."

Gilbert ya yi dariya har jirgin ya karkata a sama.

"Kin ci, amarya."

"To riƙe shi da kyau. Damina mai zuwa ba lallai ta bar mangwaron nan ba, ni ma haka. Sake zagaya mini shi kafin batirin ya mutu."