Ƙafar Farko a Tafkin Kwarin Gawo

"Kwarin me ka ce?" in ji Kura Burungu, Ministar Iyakoki, tana sakace a gaban Sarki Zaki da majalisarsa.

"Kwarin Gawo, ranki ya daɗe," in ji Duna, tsohon jakin da 'yan'uwansa suka turo fada. "Ai ke ce kika yi mana ciyaman."

"Ni? To, wataƙila. Wuraren da na yi wa hidima suna da yawa."

Kwarin Gawo dai ƙasar jakuna ce, ba ta da wata dukiya sai tafki ɗaya. Amma wanda ya gan shi a zamanin da, bado ya buɗe a kansa fari ƙal, iskar damina tana shafa ruwan kamar mai lallashi, har ya mutu ba zai manta ba. Kowace shekara in ruwa ya ja baya, jakuna kan yi gayya su yashe shi. Al'adarsu ita ce ba mai shiga laka sai shugaban ƙasar ya fara tsoma ƙafa. A da shugaban shi ne wanda ya fi kowa furfura.

Sai Zaki ya ba su ƙaramar hukuma, da tuta, da allo a bakin hanya. Jakuna suka yi ta haniniya har muryoyinsu suka dushe, tsofaffi suka sakar wa ciyaman shugabanci. Ranar gayya Burungu ta zo cikin farin takalmi, ta yi jawabi a kan muhimmancin ruwa, ta tafi. Jakuna suka jeru a gaɓa suna jiran ƙafarta. Shekara ta zagayo, suka sake jeruwa. Suna cikin jiran aka soke hukumar, aka raba ƙasar tsakanin maƙwabta biyu, gara ta cinye allon. Tafkin kuwa ya cike da laka, har jakai masu shayarwa suna tsotsar taɓo.

"Allah ya ja zamanin Sarki," in ji Duna, "ba hanya muka zo roƙo ba, ba asibiti ba. Rani ya ƙarato, in ba a yashe bana ba, 'ya'yanmu ba za su ga damina ba. A gaya mana wane ne shugabanmu yanzu, ya zo ya tsoma ƙafa. Ɗaya tak. Sauran aikin namu ne."

Dila, ciyaman ɗin maƙwabtan gabas, ya ce ƙasarsa a bakin gaɓa ta ƙare. Mugun Dawa na yamma ya rantse tasa ma haka. Burungu ta miƙe ta gyara mayafi.

"Wannan gwamnati mai adalci ba za ta runtsa ba sai kowane jaki ya yi iyo a ƙofar gidansa. Tuni muka kafa kwamiti da zai duba yiwuwar duba lamarin."

Aka yi tafi. Bushiya, ministar da ba ta da ma'aikata sai kujera, ta leƙo daga ƙarshen layi.

"Baba, ku da kuke da ƙafa huɗu-huɗu, me ya hana ku shiga da kanku?"

Duna ya dube ta kamar ta zagi kakansa.

"Mu shiga ba shugaba? Haba 'yar nan. Mu talakawa ne, amma muna da tarbiyya."

Nan ne Kunkuru, alƙalin fada, ya yi gyaran murya, ya ce a dokar daji duk wurin da ba ciyaman ɗin da ya amsa shi, Sarki ne shugabansa kai tsaye. Bai gama rufe baki ba ya gane abin da ya faɗa, ya janye kai cikin ƙoƙonsa.

Idanun kowa suka sauka a kan ƙafafun Zaki, waɗanda aka shafe da mai suna sheƙi a kan kilishin da aka shimfiɗa masa. Duna ya durƙusa, hawayen murna suna bin fuskarsa.

Zaki ya daɗe yana duban ƙafafun nan, sannan ya ɗaga kai.

"Mun ji kukan talakawanmu, ya kuma taɓa zuciyarmu. Tafkin nan na tsohuwar hukuma ne, hukumar kuwa mun soke ta. Saboda haka daga yau mun soke tafkin Kwarin Gawo. Duk jakin da aka kama yana jin ƙishirwa a can, a kawo mana shi."